Faifan da Hamza Ya Bari

Faifan ya sake juyawa a cikin kwamfutar, ya yi ƙugi kamar zanzaro a cikin kwalba, sannan ya yi tsit. Baƙin allo ya dawo, da wani ɗan farin layi yana ƙiftawa a kusurwa.

"Ya ƙiya ko?" Baba Maɗugu ya tambaya daga kan gado, bai ko juyo ba.

"Ya kusa, Baba," in ji Mufida. Ta san bai kusa ba. 

Katanga ɗaya ce ta raba gidansu Mufida da na Baba Maɗugu, a layin da ke bayan tashar manyan motoci a Jibiya. Mutumin Maraɗi ne. Ya tsufa yana jan babbar mota tsakanin nan da Nijar, har ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ɗa guda Allah ya bar masu shi da matarsa Inna Salmatu, wato Hamza. Shi ya sayo kwamfutar a Maraɗi, yana ɗura wa direbobi waƙoƙi da wa'azi a waya. Wata damina ya hau motar Agadas, ya ce Libiya za shi. Ya bugo waya daga Agadas, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Babu gawa, babu kabari, babu wanda ya zo ya ce ya gan shi. Da ambaliya ta ci garin, ruwa ya tafi da jakar hotuna. Kwamfutar ce kaɗai ta tsira, don tana saman wadurof, kuma duk hoton Hamza da ya rage a duniya yana cikinta. Ga shi ta daina tashi.

Ranar da aka aika kiran Mufida, don an san ta koyi kwamfuta a makaranta kuma ba ta rabuwa da littafi, tsohon ya kama bakin hijabinta.

"Ɗiyata, ina jin muryar Hamza har yanzu. Ina ganin tabon da ke ƙafarshi. Amma in na rufe ido in nemi fuskar, sai in ga hula, babu kowa ƙarƙashinta. Ba ni son in tafi haka."

Ya miƙa mata faifan da Hamza ya bari, wanda ake gyara manhajar kwamfuta da shi, naɗe cikin tsumma fari.

Ta fara zuwa wurin Yahya mai gyaran waya a bakin tasha. Ya saurare ta, ya yi dariya har da buga tebur.

"Malama Mufida, wannan kwamfutar ai ta yi miki yaya! Sai dai a ciro ma'ajiyarta a kai Katsina. Ni ba ni da igiyar irin ta da."

"Baba ya ce ba za ta bar ɗakin ba."

"To Allah ya ba da sa'a." Amma ya ara mata ƙaramin janareta da sukurdireba, ya nuna mata yadda ake shiga shuɗin shafin da ake gaya wa kwamfuta ta fara karanta faifai kafin komai.

Ta shiga, ta gyara, ta adana. Da aka kashe janareta aka kunna, sai ta tarar komai ya koma yadda yake. Har kwanan wata ya ja da baya, ya tsaya a Janairun wata shekara mai nisa, lokacin Hamza yana gida. Ta gyara, ya koma. Ta sake gyarawa, ya sake komawa. Ta waiga bayanta duk da rana ce tsaka.

Inna Salmatu ta leƙo allon, ta sa aka karanta mata shekarar. 

"Ita ma nan ta tsaya ashe," ta ce, ta koma madafa.

Yahya ya ce ba aljanu ba ne, wani ɗan batir ne mai kama da kwabo ya mutu, shi ke riƙe mata lokaci. Mufida ta buɗe cikin kwamfutar, ta sauya shi. Lokaci ya zauna. Amma faifan bai fasa halinsa ba: ƙugi, sannan shiru. Ta huci a kansa ta goge da gefen zane, ta ɗaga shi a rana ta duba. Ko ƙarzane ɗaya babu. A ranar Baba Maɗugu bai sha ko kunu ba.

Da hantsin Juma'a ta shigo, sai ta tarar ɗakin ya turnuƙe da hayaƙi. An lulluɓe kwamfutar da zanen atamfa, a ƙarƙashin teburin ga kasko da garwashi, turaren wuta yana tashi yana shigewa cikin zanen.

"Inna, mene ne wannan?"

"Turare mana. Kowace Juma'a nika yi mata, kamar yadda nika yi ma tufafinshi. Kayan yaro ai ba a barinsu su yi warin ajiya."

"Tun yaushe?"

"Tun da ya tafi."

Mufida ta yaye zanen. Ta latsa, ɗan farantin da ake ɗora faifai ya fito, ta shafa yatsa a kai. Ya yi danƙo. Ta shinshina yatsan. Sai ta tuna abin da ta karanta, cewa akwai ɗan ido na gilashi a ciki, da shi na'urar ke ganin faifai. Ta kwance akwatin, ƙusa bayan ƙusa, tana jera su a murfin kwano don kada su ɓace. Ga idon nan, bai fi na tarwaɗa ba, ya dushe ya yi ruwan ƙasa. Ta naɗa auduga a tsinke, ta tsoma a sifirit ɗin da ake goge wa Baba wurin allura, ta shafa a hankali. Audugar ta fito launin goro, tana ƙamshin sandal.

Inna Salmatu ta ɗauki audugar ta kai hanci. Fuskarta ta sauya.

"Ni na makanta ta kenan?"

"A'a, Inna. Tsufa ne kawai."

Tsohuwar ta ɗauki kaskon da hannu biyu ta fita da shi tsakar gida.

Maza sun fara wucewa masallaci lokacin da Mufida ta mayar da faifan. Ya yi ƙugi. Bai tsaya ba. Ƙugin ya miƙe, allon ya rikiɗe shuɗi, rubutu ya cika shi. Murna ta taso mata, sai kuma ta koma ciki, don rubutun duk Faransanci ne. Abu biyu yake tambaya, kuma Yahya ya gargaɗe ta: ɗaya gyara ne, ɗaya kuwa zai share komai ya ɗora sabo. Ba ta san wanne ne wanne ba. Yahya yana masallaci, wayarsa a kashe.

"Baba," ta ce. "Baba, ya tashi. Amma ba na jin yaren."

Ya buɗe ido. "Mi ya ce?"

Ita da Inna suka tallafe shi, ba nauyi ko kaɗan, suka jingina shi da filo. Aka jawo teburin har bakin gado. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana karanta takardun jandarmomin Nijar a kan hanya ya ƙanƙance ido, leɓunansa na motsi, yana bin layin da yatsa.

"Wanga na sama... in gyara kika so, taɓa wanga harafi." Ya nuna R. "Na ƙasan, kada ki kusance shi." Ya yi tari, ya yi ɗan murmushi. "Ashe makarantar lakwal da na gudu ba ta tafi banza ba."

Ta taɓa. Wani layi rawaya ya fito, ya fara rarrafe daga hagu zuwa dama.

"Zai daɗe?"

"Kaɗan, Baba."

"To bari in runtsa. Ki tashe ni in ya fito."

Huɗuba tana shigowa ta taga daga lasifika, janareta na gunji a tsakar gida. Mufida ta kafa wa layin ido kamar kallonta ne ke tura shi. Inna tana gefen gado tana yi masa fifita. Layin ya wuce rabi. Can sai Mufida ta lura mahucin ya daina motsi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," Inna ta faɗa a hankali, kamar mai gudun tayar da shi. Ta shafe masa ido, ta gyara masa haɓa.

Mufida ta miƙe. "Bari in kashe injin, Inna."

"Bar shi. Ya ce a tashe shi in ya fito."

Maza suka dawo daga masallaci suka tarar da rasuwa. Aka yi masa wanka a bayan ɗaki, aka suturta shi, bayan la'asar aka ɗauke shi. Gidan ya cika da mata. Babu wanda ya tambayi dalilin da janareta ke aiki a gidan mutuwa.

Da Mufida ta koma ɗakin, allon ya riga ya buɗe. Ba ta ma nemi hotunan ba. Ga saurayi nan ya cika fuskar allon, ya jingina da ƙofar wata babbar mota shuɗiya, ya karkata hula, yana dariya da 'yar wushirya. Girarsa irin ta Baba ce sak.

Inna Salmatu ta shigo ta tsaya a bayanta. Ba ta yi kuka ba. Ta sa hannu biyu ta juya allon a hankali, har ya fuskanci gadon, inda filo ke nan da lotsawar kai a tsakiyarsa. Ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙafar gadon.

A can kusurwar allon, ƙasa da takalmin Hamza, ɗan agogon ya matsa da minti ɗaya.