Bindigar Mahmudu

Ustaz Osman ya ɗaga bindigar wajen hasken taga, ya rufe ido ɗaya ya leƙa bakinta, sannan ya yi ɗan tsaki.

"Wa ya toshe ta da walda?"

Mu'azzam yana tsaye jikin ƙofa, hannuwansa a baya. Shekararsa ashirin da shida yana walda a wani gareji a unguwar Al-Ranuna ta Madina, kuma bai taɓa jin kunyar aikin hannunsa ba sai ran nan. Baba Jumare ne ya amsa daga kan katifa, fuskarsa na kallon bango, don tun da ciwon suga ya cinye masa idanu bai damu da inda baƙo ya zauna ba.

"Marigayiya Lami ce ta sa, matata. Tsoro ne. Ƙyale bakin, ya Ustaz, juya ta ka karanta bayanta. Sunan ubana na nan."

Kowa a layin ya haddace labarin. Mahmudu, mahaifin Baba Jumare, ya taso daga Damagaram da ƙafa, ya shekara bakwai a hanya, ya ƙare yana rakiyar ayarin alhazai tsakanin Badr da Madina. Mai ayarin ne ya ba shi bindigar, 'yar ta hannu mai cin harsashi shida, ya sa aka sassaƙa sunansa a ƙarfen bayan mariƙinta. A Madina aka haifi Baba Jumare, a nan ya tsufa, amma har gobe baƙo ne mai sabunta iƙama, takardar izinin zama. Da ya ji ƙarfinsa na ƙarewa, ya roƙi maƙwabcinsa Mu'azzam ya nemo masa Ustaz Osman, mutumin nan mai tara tsofaffin makamai a gidansa na unguwar Ƙiblatain, wanda 'yan makaranta ke zuwa kallo.

"Ba kuɗi nake so ba," ya ce. "Ubana yana maƙabartar Baƙi'a, ban san ko wane kabari ba ne. Ni ma can za ni, ba mai rubuta komai. To a sa ta cikin gilashi, a rubuta Mahmudu a kati. Jikokina su ga mun daɗe a garin nan."

Ustaz Osman ya juya bindigar. Ya fito da tabaron ƙara girma, ya bi ƙarfen a hankali. Ya murza gidan harsashin, ya kasa kunne yana jin ƙararsa. Ya ƙwanƙwasa mariƙin da farce. Mutumin ya san aikinsa, wannan kam ba a hana shi. Ya dubi Wafa, 'yar autan tsohon, wadda ta shigo da shayi, sannan ya dubi Mu'azzam, ya yi masa alama su fita tsakar gida.

A gindin injin wanki ya rage murya.

"Ta gaske ce. Ƙirar Ingila, ta haura shekara ɗari, tambarin masana'anta yana nan. Amma mariƙin sabo ne, an toshe baki, kuma nan," ya ɗora yatsa a bayan ƙarfen, "an goge da injin gurza. Babu suna, babu ko harafi. Wanda ya yi wannan ya kashe ta."

"Ni ne," in ji Mu'azzam.

Bai yi niyyar faɗa ba, maganar ce ta kuɓuce. Shekara goma sha ɗaya ke nan, lokacin da ake bin gidaje ana duba takardu. Lami ta zo masa da ita naɗe cikin zani. In aka same ta da sunan gidansu a jiki fa? Ta ce ya toshe bakin ya goge sunan, kada mijinta ya san na biyun. Shi kuma ya zauna ya yi aikin tsaf, har da goga mata mai, yana ganin ya ceci maƙwabta. Masu duba takardun ma ba su shigo layinsu ba.

"Na ga sunan da idona, Ustaz. Mahmudu Attakaruri. Ka ba ni kwana biyu in mayar da shi yadda yake."

"Wannan jabu ke nan, ɗan'uwa. Duk mai tara kaya zai gane, sunana ne zai ɓaci."

"To ka rubuta a katin. Ni shaida ne."

"Shaidar wanda ya goge?" Bai faɗa da mugunta ba, kuma hakan ya fi ciwo. "Kowane gida a Madina akwai kakan da ya raka ayari. Ina rubuta abin da ƙarfe ya faɗa ne kawai. Zan ɗauka don ƙirarta, in ba su abin da ya sauwaƙa. Amma kati, majhul zan sa. Ba a san mai ita ba."

Wafa tana bakin labule, ta ji komai. Ta ce da Larabci kada a gaya wa Baba, ta koma kicin.

Mu'azzam ya shiga ɗakin ya durƙusa gefen katifa. Ƙamshin man zafi da turare ya cika wurin, na'urar sanyaya ɗaki na ta ƙugi.

"Baba, ya yarda. Zai rubuta."

"Alhamdulillahi. Miƙo min ita in yi sallama da ita. Tun da Lami ta kulle ta a akwati ban riƙe ta ba."

Ba yadda za a hana. Mu'azzam ya ɗora masa ita a tafin hannu. Tsohon ya shafa bakin, ya shafa mariƙin, babban yatsansa ya gangara bayan ƙarfen kai tsaye, wurin da ya saba tun yana yaro. Yatsan ya tsaya. Ya koma sama, ya sake gangarowa. Ya yi haka sau uku.

Daga bakin ƙofa, Ustaz Osman ya shiga duba wayarsa.

"Mu'azzam."

"Na'am, Baba."

"Hannunka na da kyau. Ko kaushi ba ka bari ba." Ya miƙa bindigar cikin iska. "Ba shi. Shi ke nan."

Bai ƙara maganarta ba. Ran Laraba ya ƙi abinci, ran Alhamis ya daina gane masu shigowa, ran Juma'a da hantsi ya cika. Mu'azzam na cikin masu ɗaukar makara daga Harami zuwa Baƙi'a. Aka rufe, aka dasa dutse irin na kowa. Kafin ya kai bakin ƙofa ya waiwaya, ya riga ya kasa tantance wanne ne. Abin da ya fi cin ransa shi ne tsohon bai zage shi ba, bai kuma ce ya yafe ba.

Bayan wata biyu ya tashi daga gareji da wuri, ya hau mota zuwa Ƙiblatain da kayan aikinsa a jiki. Mai gadi ya yi masa kallon sama da ƙasa kafin ya bar shi ya shiga. Ya sami bindigar a akwatin gilashi na ƙarshe, kusa da ƙofar fita, tsakanin wata wuƙa da tsohon mazubin albarushi. Katin ƙarami ne, layi biyu: ƙirar Ingila, majhul.

Ya sunkuya har numfashinsa ya dusashe gilashin. An kwantar da ita bayanta na sama, fitila na haska wurin da ya goge. Siraran layukan injinsa suna nan, a jere, suna sheƙi.