Kwalba Uku a Cikin Ƙanƙara

Shekara ashirin da biyu tana sayar da ƙanƙara a bakin tasha, har sunanta na yanka ya ɓata, kowa Mai Ƙanƙara yake kiranta. Kuma ta san aikinta, wannan ba mai ja da ita. In ta jera ƙanƙara a kula, ta barbaɗa gishiri, ta toshe da buhu, abin da ke ciki sai ya yini ya kwana yana nan tauri kamar dutse.

Mijinta tela ne. Shekara talatin yana zaune a kan keken ɗinki, lemon kwalba a gefe, tumbi yana ta yin gaba, abokai na yi masa tsiya wai daɗi ya yi masa yawa. Ashe kitse ne ya lulluɓe masa hanta. Likita ya zana musu a bayan takarda, ya ce a cikin jini akwai ƙwayoyi masu faɗa da cuta, su ne suka ga hantar ta kumbura suka far mata ba ji ba gani. Akwai kuma wasu 'yan kaɗan, aikinsu raba faɗa, su ce wa 'yan uwansu ya isa haka. Na tela sun yi rauni, faɗa ba mai rabawa, hanta sai tabo take yi.

"A babban asibiti ana gwada wani abu," in ji likitan. "A ciro masu raba faɗan, a raine su su yi yawa, a mayar masa. Ban ce zai warke ba. Amma ni dai ba ni da wani abin da ya wuce wannan."

Mutum ashirin za a ɗauka, kuma sai an ga jini an ƙirga ƙwayoyin da ransu. Ranar Alhamis ƙarfe huɗu za a rufe karɓar jinin. Motar asibitinsu mai kai jini can ta riga ta tafi tun Litinin, don haka ranar Alhamis da safe nas ta ɗebi jinin tela kwalba uku, ta sa a ambulan na takarda, ta miƙa wa matarsa. Ta ce, "Mama, ki kiyaye shi daga rana."

Mai Ƙanƙara ta dubi ambulan ɗin ta taɓe baki. Jinin mijinta, tafiyar awa huɗu, a cikin takarda? Yaran zamani ke nan. Ta biya ta rumfarta, ta zaɓi ƙanƙarar da ta fi kowacce kama jiki, ta farfasa, ta binne kwalaben a tsakiya, ta zuba gishiri ba ƙyashi. A mota kan cinyarta ta ɗora kular. Kwandasta ya ce a sa a but tare da kaya, ta yi masa kallon da bai sake magana ba.

Ƙarfe ɗaya da rabi ta isa ɗakin gwaji, hawa na biyu, wata taga mai ƙaramar ƙofa. Ma'aikaciyar da ke ciki ta buɗe kular ta tono kwalba ɗaya. Jinin ya daskare, ko motsi ba ya yi. Ta riƙe shi a tafin hannu har ya narke, ta ɗaga shi wajen haske. Ya tsinke, kamar ruwan da aka wanke nama.

"Mama, wa ya shirya wannan?"

"Ni ce. Ƙanƙarar ko ɗigo ba ta narke ba, duba ki gani."

Ma'aikaciyar ta ajiye kwalbar ta ce, "Ai abin da muke nema mai rai ne. Sanyi in ya kai haka fasa su yake yi. Babu ko ɗaya da zan ƙirga."

"To 'yar nan, a ɗumama shi mana."

"Ba ya dawowa, Mama."

Mai Ƙanƙara ta roƙa, ita da ba ta iya roƙo ba. Ta ce za ta koma ta kawo wani, aka nuna mata agogo. Ta ce a ɗebi nata, ai gida ɗaya suke ci suke sha. Ma'aikaciyar ta shiga ciki ta dawo, ta ce wataƙila a sake ɗauka baɗi. Baɗi kuwa likitansu ya riga ya faɗa musu, hantar da tabo ya gama cinyewa ba a karɓarta, ta tela kuma saura ƙiris. Da ma sakaci Mai Ƙanƙara ta yi da da sauƙi, amma duk iyawarta ta zuba a kular nan.

Daf da magariba ta shigo gida. Tela na zaune a bakin gado, ya yi aski, ya sa rigar da ya goge da kansa, ga ƙaramar jaka a ɗaure. Ya cusa kumburarrun ƙafafunsa cikin takalmi sau ciki, naman idon sawu ya tudo ta sama.

"Maman yara, sannu da hanya," ya ce. "Na ce gara in shirya, kar su kira ina daburcewa. Yaushe suka ce in zo?"

Ta ajiye kular a bayan ƙofa. Ta durƙusa a gabansa ta kama takalmin dama, sai da ta sa ƙarfi ya fita.