Neman Malam Lado da Rabin Caji

Malam Lado ya fita bayan azahar, ba wanda ya ga fitarsa. Tun bara tsufa ya fara taɓa masa tunani, yakan ɗauki fartanya ya nufi gona, ya manta hanyar gida. Yanzu kuma dawa ta wuce kan mutum a duk kewayen Gurbin Bore, ga shi a wannan zamani ba mai yarda magariba ta riske shi a bayan gari.

Da aka zagaye unguwa ba a same shi ba, sai ƙaramin ɗansa, Muttaka, ya ɗauko jirginsa marar matuƙi. Ɗan ƙaramin abu ne mai farfela huɗu da kyamara, ya sayo shi a Ƙaura Namoda don sha'awa, yana ɗaukar hoton gonaki da shi. Batir ɗaya gare shi, kuma hadari ya wuni ya rufe rana, sola ba ta ba shi fiye da rabin caji ba.

Ya durƙusa a ƙofar gida yana ɓalle robobin da ke kare farfelun.

"Mi kaka yi haka?" in ji wansa Murtala. "Ana neman mutum kana kwance abin wasa?"

"Nauyi nika rage mai, Yaya. Duk abin da ya ɗauka, batir ka biya."

Uwarsu Tabawa ta leƙo daga zaure. Muttaka ya ce, "Inna, tashi guda gare mu. Wane gefe?"

Ta ce, "Fadama. Tun safe yaka zancen shinkafarsa, shi da ya bar noma ta da daɗewa."

Fadamar tana gabas, ta inda iska ke busowa. Muttaka ya so hakan, don jirgin zai tafi da wahala, ya dawo iska na tura shi. Ya ɗaga shi a hankali, ya tsayar da shi bisa tsayin itatuwa kaɗan, ya miƙe da shi.

"Ka hau sama mana! Ka ba shi wuta!" in ji Murtala, yana leƙen wayar da Muttaka ke sarrafa jirgin da ita ta kafaɗarsa.

"In na ba shi wuta, ba ya kai rafi."

"Ko jakin maƙwabcinmu Maitama ya hi wannan sauri."

Muttaka ya ci gaba da tuƙa shi a hankali. Dawa ce kawai ke wucewa a fuskar wayar, kore bayan kore. Sun ga wani farin abu, Murtala ya yi kabbara, ashe buhu ne aka rataya. Muttaka bai tsaya a kansa ba, don tsayawa wuri ɗaya ma cin batir ne.

Wayar ta fara ƙara, alamar caji ta koma ja. Abin da ya rage na dawowa ne kawai. A daidai nan suka hango malfa a bakin fadama, tana tafiya a hankali, ta ba gari baya.

"Shi ne," in ji Tabawa. "Na san tahiyar."

Ko da babur, kafin a kai can ya shige wata gonar, sai a sake nema, ba kuma sauran caji. Muttaka ya fasa maido jirgin. Ya wuce gaban tsohon, ya sauke shi a kan turba, hoton ya ɗauke.

Shi da Murtala suka hau babur, suna bin inda wayar ta nuna ya sauka. Rana ta yi ƙasa sosai da suka isa. Malam Lado na zaune a gefen turba, ya rufe jirgin da malfarsa, fartanya a kan cinya.

"Baba," in ji Murtala, "mi kaka yi nan?"

"Tsintuwa na yi. Kayan wani ne ya faɗo, ba a barin shi hanya. Ina jiran mai shi."

"Nawa ne, Baba," in ji Muttaka.

Tsohon ya dube shi da kyau. "Faɗi kamanninsa."

Muttaka ya faɗa, har da tsagin da ke jikin farfela ɗaya. Malam Lado ya ɗaga malfar ya duba, sannan ya miƙa masa.

"To, ka riƙa kula da kayanka."

Murtala ya juya baya yana dariya, yana goge ido da hannun riga. Suka sa tsohon a tsakiya, suka kamo hanyar gida, ana kiran magariba suna shiga gari.