Mutumin Bencin Tasha

Tun da ciwon gwiwa ya zaunar da ni, matan gidanmu suka ɗauke ƙafa. Gidan haya ne, ɗaki takwas, famfo ɗaya, kuma duk wani zance a bakin famfon ake feɗe shi. Wadda ba ta fitowa ba ta da abin bayarwa, to wa zai zo wurinta? Aka bar ni daga ni sai bango, sai wani littafi marar bango da jikata ta manta.

Karatuna da yatsa nake bin sa, shafi biyu ido ya fara ruwa. Amma littafin ya yi mini daɗi. Labarin wani mutum ne da aka sallama daga aiki, ya kasa faɗa wa matarsa. Kullum sai ya sa riga mai guga, ya ɗauki jaka, ya je tasha ya zauna a benci har la'asar.

Ranar da Mai Kitso ta leƙo aron tsintsiya, na so in riƙe ta ko na minti biyar ne, sai na ba ta labarin. Ban ce mata a littafi yake ba. Ta ajiye tsintsiya ta zauna. Washegari su uku suka zo, har da Uwar 'Yan Biyu da rabon da ta gaishe ni tun bara. In karanta shafi biyu da safe, in raba musu da rana. In suka matsa mini in faɗi ko wane ne, sai in ce ba za a ji mutuwar sarki a bakina ba.

A kwana na shida Tela ta ɗakin ƙarshe ta shigo, ta tura ƙofa, ta ƙi zama.

"Iya, wa ya gan shi?"

Na tsaya kallon ta. Ta ce wata uku ke nan da ta sani. Ta je sayen zare ta hango mijinta a bencin tasha, jaka a cinya. Ta dawo gida ta ci gaba da goge masa riga, don in ya san ta sani ba zai ƙara ɗaga kai a gabanta ba. Yanzu ga matan famfo sun fara lissafa mazan gidan masu fita da jaka, kuma su biyu ne kacal.

Na jawo littafin, na ɗora yatsa a kan wurin. Ta karanta a tsaye, sannan ta zauna a bakin gado kamar wadda ta sauke kaya.

"Har bencin, Iya."

"Har bencin, 'yar nan."

Ta tambayi yadda ya ƙare, na ce ban kai ba. Ta ce ko na kai kada in gaya mata.

Da safe na dogara sanda na fita bakin famfo, na kife bokiti na zauna. Na karanta musu da ƙarfi, ina tuntuɓe, duk abin da na ba su a kwana biyar. Mai Kitso ta ce ashe tsufa har tatsuniya yake sa mutum da rana tsaka. Uwar 'Yan Biyu ta ja tsaki, ta ce ta ɓata hantsinta a banza. Na san babu wadda za ta ƙara leƙa ɗakina.

Ana cikin haka mijin Tela ya fito da jakarsa, riga ta sha guga. Ya rusuna ya ce, "Iya, ya ƙafa?" Na ce da sauƙi, Allah ya ba da sa'a. Ya ratsa ta tsakiyarsu ya wuce, ko ɗaya ba ta ɗago kai daga wankinta ba.

Na daɗe a kan bokitin kafin gwiwa ta yarda in tashi.