Motar Da Ba Ta Neman Ƙafar Hagu

Tun da na auri Malam ban taɓa jin ya yabi tuƙin wani ɗan Adam ba. Direba ne, ya yi shekara talatin da ɗoriya yana jan motar ma'aikatan wani kamfanin saƙa, kuma a wurinsa duk wanda ke kan titi ɗan koyo ne. In muna tafiya sai ka ji shi yana mita shi kaɗai, "Dubi wannan don Allah, wa ya ba shi lasin?" Ni kuwa in ce, "Wanda ya ba ka." Haka muka tsufa.

Motarsa ta kansa yara suka sa wa suna Gwaggo, don ba ta tashi da safe sai an lallashe ta. Sai ya ja cok, ya ɗan tattaka totur, ya murɗa makulli, ta yi tari ta yi shiru, ya sake. Giyarta a jikin sitiyari take, kujerar gaba kuma benci ce guda, har yaro muke cusawa a tsakaninmu. Hannun murɗa gilashi ɗaya ne ya rage mai rai, shi muke karɓa-karɓa, in zafi ya dame ni in ce, "Malam, ara mini hannun." In ana ruwa ni ce mai goge gilashin gaba da tsumma daga ciki. Na zagi motar nan ba adadi. Amma tsakani da Allah, ita ta kai ni asibiti a haihuwar yarana duka, kuma ba ta taɓa kwanar da mu a hanya ba.

Da Auta, ƙaramar 'yarmu, ta fara aikin jinya, sai ta sayi mota irin ta zamani, wadda suke ce wa atomatik. Ta kawo ta gida da murnarta don babanta ya sa albarka. Ya zagaya ta, ya leƙa ciki, ya taɓe baki.

"Allah ya sa alheri," in ji shi. "Amma wannan ai kujerar falo ce aka sa wa taya. Direban da ba ya taka kuloci ya sa giya da hannunsa, kaya ne aka ɗora."

Ko zama a cikinta ya ƙi yi. Auta ta yi dariya, amma na ga abin ya sosa mata rai.

Sai ciwon suga ya yi mana abin da ya yi. Ƙaramin gyambo ne a yatsa, Malam ya ɓoye shi don taurin kai, kafin mu ankara ya ci ƙafa. Aka yanke ta hagu daga ƙasan gwiwa. Da ita ake taka kuloci.

Ciwon ya warke lafiya lau, mutumin ne ya ƙi warkewa. Ya shige ɗaki ya zauna a kujerar da ke bakin taga, rediyo ma ya daina kunnawa. Akwai wata rumfa a gaban garejin wani bakanike abokinsa, inda tsofaffin direbobi ke haɗuwa kullum su yi ta musu a kan hanyoyin da suka bi. Nan ce fadar Malam. Suka yi ta zuwa dubiya, shi kuma ya sa ni in ce musu barci yake. Ni da furfurata ina ƙarya a bakin ƙofa! Da na gaji na ce masa, "Malam, mutanen nan fa ba ƙafarka suka zo gaisarwa ba." Ya ce, "Ba zan bari a sauke ni a rumfar nan kamar buhu ba." Daga nan ya juya mini ƙeya.

Tsoro ya kama ni ƙwarai. Ƙafa ɗaya likita ya cire, amma mijina ɗungurungum nake gani yana zamewa daga hannuna, yana cin abinci kamar magani, yana kwana da rana. Abin da nake roƙon Allah bai wuce mutumin nan ya sake fita cikin mutane ba.

Ana nan sai aka tura Auta kwas a wani gari. Ta ajiye motarta a tsakar gidanmu, gaban Gwaggo da ke lulluɓe da tamfol, ta damƙa mini makulli.

"Umma, ki koya mana. Wallahi ba wuya. Ki taka birki, ki danna nan ta tashi, ki ja wannan baya. Shi ke nan."

"Ke tafi can," na ce. "Da tsufana?"

Amma maganar ta zauna mini. Na gaji da roƙon maƙwabta duk ranar ganin likita, na gaji da ganin Malam yana sunkuyar da kai a bayan motar wani. Na ce in shi ba zai tuƙa ba, ni zan tuƙa shi, ko duniya za ta yi dariya ta yi.

Wata safiya na gama shara, na ɗaura ɗankwali tamau, na shiga motar Auta na yi bismilla. Na taka birki na danna maɓalli. Shiru. Na sake dannawa, ashe ta tashi tun farko, kashe ta na yi. Ni da na saba da tarin Gwaggo, ina zan san mota na tashi ba ta gaya wa unguwa ba? Na sake tayar da ita. Na duba ƙasa na ga abin takawa biyu ne, ni ma ƙafata biyu, sai na ba kowace nata. Hagu a birki, dama a totur, na ja giya.

Kai, jama'a! Motar ta yi gurnani ta zabura, na danne ta, ta dunƙule, goshina ya kusa sumbatar sitiyari. Na ja giyar na sake gwadawa, sai ga ni ina tafiya da baya. Wani ɗan talabijin a gabana ya nuno mini Gwaggo tana matsowa, motar ta hau ƙara, ɗit, ɗit, ɗit, tana ƙara sauri, ni kuma na rikice na danne duka biyun da iya ƙarfina.

"Ke! Ke! Za ki kashe mini mota!"

Muryar Malam ce daga taga. Rabon da in ji ya ɗaga murya haka tun kafin asibiti. Na danna gilashi ya sauka na ce, "To ka zo ka hana ni mana!"

Wallahi da baki kawai na faɗa. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sandunansa a kan siminti. Ya fito tsakar gida da singileti, rana ta haske masa ido, yana faɗa tun daga bakin ƙofa. Ya buɗe ɗaya ɓangaren ya faɗo kan kujerar da ya rantse ba zai zauna ba, ya jawo sandunan ciki.

"Mu gani. Me kike takawa?"

Ya sunkuya ya kalli ƙafafuna, ya kama kai.

"Inna lillahi! Ƙafa biyu? Wa ya koya miki wannan ta'asar? Janye hagun! Janye ta can gefe! Dama kaɗai ake sawa, ita ce birki ita ce totur. Hagu ba ta da aikin komai a motar nan!"

Ya ɗago a hankali ya jingina da kujera.

Ya daɗe da sanin haka, ai direba ne, amma bai taɓa faɗa da bakinsa yana zaune da ƙafa ɗaya ba. Na ga idonsa ya sauka kan wandonsa da na naɗe masa da fil a gwiwa, ya koma kan abin takawan nan biyu. Injin yana ta aikinsa a hankali.

"Sauka," ya ce, ƙasa-ƙasa.

Ban taɓa bin umarninsa da sauri irin na ranar ba. Ya zagayo da sandunansa, ya ƙi in riƙe shi, ya zauna ya gyara madubi. Na buɗe get na dawo na shiga gefensa. Hannunsa ya tafi jikin sitiyari neman giya kamar yadda ya saba, sai ga ruwa ya feso a gilashi, abin gogewa ya hau kaiwa da komowa. Na ƙunshe dariya.

"Kin ce wani abu?"

"Ni? Ban ce komai ba."

Muna fita titi motar ta fara wata ƙarar, sai da ya ɗaura bel ta yi shiru. Ya ce, "Ga rashin kunya, mota tana ba direba umarni." Amma ya ɗaura. A kwanar farko ya juya ta sumul, ko girgiza ban ji ba. Wani mai tasi ya sha gabanmu, Malam ya danna hon ya ce, "Ɗan koyo kawai!" Sai hawaye suka zubo mini. Na juya ina kallon waje ina ta hamdala, ina sa wa Auta albarka, ina yi wa wanda ya zauna ya cire kuloci daga mota addu'a, ko wane ne shi, ko a ina yake. Bai san mu ba, amma ya yi mana rana.

Na zaci zagaye ɗaya za mu yi mu koma. Sai na ga ya ɗauki hanyar gareji.

"Malam, da singileti fa kake."

"Sun san ni da singileti."

Suna zaune a rumfa kamar kullum. Ya tsaya daidai gabansu, ya danna gilashi ya sauka. Bakanike ne ya fara gane shi, ya miƙe da sifana a hannu yana ihu, "Direba! Direba ne wallahi!" Suka taso suka kewaye motar, wannan ya kama hannunsa, wancan yana tsokanarsa wai ya shiga motar yara. Daga inda suke tsaye ba mai ganin abin da ke ƙasan sitiyari. Da ya so, da sai ya gama gaisawa ta taga mu juya gida, kuma da ban ce masa uffan ba.

Ya kashe motar. Ya buɗe ƙofa da kansa, ya juyo ya kalle ni.

"Miƙo mini sandunan nan," ya ce. "Ki nemi tasi ki koma gida, ni zan yi yamma."