Sunan Gwaggo Geyam a Motar Eriku

Gwaggo Geyam ta ba Yawing mako biyu. Da safe ta faɗa masa, tana jera buai, goron ƙasar nan, a kan teburinta na bakin titi, bakinta jajir da wanda ta riga ta tauna.

"Jirgin ruwan da ke zuwa garin Wasu zai tashi Juma'ar sama. In ban ji waƙar nan taka a motar hayar unguwar Eriku ba kafin ranar, da kunnena, ka ɗaure kayanka ka bi shi ka koma ƙauye tsinkar kofi. Shekara biyu kana dum-dum-dum a ƙarƙashin gidana, ko kajin garin Lae ba su san da kai ba."

"Gwaggo, ai harkar kiɗa sai a hankali."

"Kofi ma a hankali ake tsinkarsa. Kuma duk wanda ya sa hannu a ɗakin nan naka, a gaishe shi da sunansa a farkon waƙa kamar yadda ake yi. Nawa ne na farko. Amma kada ka kira ni da muryar nan taka ta kwaɗon kogin Bumbu. Nemo mai murya."

Yawing ya bar makaranta a aji tara, ranar da ya gane ya fi iya buga tebur a kan bin karatun malami. Abin da yake kira sutudiyo ɗakin ajiya ne a ƙarƙashin gidan Gwaggo, mai cin mutum uku in babu mai ƙiba. Katifar da ya jingina a bango don ta shanye ƙara ta Gwaggo ce. Batirin sola na Kawu Nalau ne. Kwamfutar ta wani ɗan uwansu ce mai aiki a tashar jiragen ruwa. Hatta kwalayen ƙwan da ya manna a rufi suna da masu su. Da ya zauna ya rubuta sunaye, sai ga mutum goma sha tara.

Mai murya kuwa yana da shi tuntuni, bai dai faɗa wa Gwaggo ba. Kasmir ne, mutumin yankin Sepik, mai gadin wani kanti, mijin Naomi 'yar Gwaggo. Idan Kasmir ya rera waƙa a bakin ƙofar kanti, mata sukan manta abin da suka zo saye.

Ran Asabar suka ɗauki waƙar, sau uku kawai ta fita tas. Sai Yawing ya miƙa wa Kasmir takardar sunaye.

"Saura gaisuwa. Ka kira su ɗaya bayan ɗaya, a kan kiɗan."

Kasmir ya duba layin farko, ya saki takardar kamar ya taɓa garwashi.

"Tambu, kashe ni za ka yi?"

Tambu yake ce masa, wato suruki, domin ko sunan Yawing ɗin bai taɓa fita daga bakinsa ba. A nan ne Yawing ya dafe kai. Ya manta shaf. Duk mutum goma sha taran nan dangin matar Kasmir ne, kuma namiji ba ya kiran sunan surukinsa, balle uwar matarsa. Wanda ya kuskura, sai ya kawo alade ya wanke bakinsa.

"To ka faɗa a hankali mana."

"A hankali? A cikin waƙar da kake so duk lardin Morobe ya ji? Alade goma sha tara! Ko kare ba ni da shi."

Yawing ya yi ta kai da komowa a ɗakin, taku biyu gaba, biyu baya, don iyakar faɗinsa ke nan. Babu lokacin neman wani mawaƙi, kuma babu irin wannan murya a unguwarsu ta Kamkumung gaba ɗaya. Sai idonsa ya faɗa kan kwamfuta, inda muryar Kasmir ke kwance kamar doguwar tsutsa, wadda yake iya yankawa duk inda ya ga dama.

"Shi ke nan, bar gaisuwar. Amma makirufon nan yana ɗan shaƙewa, taimaka mu gwada shi. Ce ga, ge, gi, go."

Kasmir ya ce.

"Ce yam, yim, yum. Da ɗan daɗi, kamar kana waƙa. Ce na, ne, ni. La, le, lau."

Kusan awa guda suna yi. Kasmir ya tafi gadi yana cewa bai taɓa ganin makirufo mai wahalar sha'ani irin wannan ba.

Kwana uku Yawing yana yanka yana ɗinki. Ya ɗauko ge daga can, yam daga nan, ya haɗa, ya goge bakin ɗinkin har babu alama. Da ya kunna, sai ga Kasmir yana kiran Gwaggo Geyam da wata murya mai zuma, kamar saurayi a bakin shinge. Yawing ya yi tsalle har kansa ya fasa kwalin ƙwai. A lissafinsa babu laifin kowa: Kasmir bai faɗa ba, shi ma bai faɗa ba.

Ya kai waƙar wajen Waim, wani direban motar Eriku da ba ya ba sabuwar waƙa fiye da numfashi uku kafin ya tsallake ta. Waim ya saurara yana tauna buai, numfashi uku ya wuce, goma ya wuce, sannan ya tofar ta taga ya ce, "Turo." Daga wayar Waim ta shiga ta kwandastansa, daga nan ta bi gari waya zuwa waya kamar mura.

Ran Alhamis, jajiberin tashin jirgi, Yawing ya raka Gwaggo babbar kasuwa don ya ɗauko mata buhun buai. Da gangan ya yi ta ɓata lokaci a tasha har motar Waim ta iso. Suka shiga, aka cika maƙil, har da mai kaza a cinya. Waim ya ƙyafta masa ido, ya murɗa lasifika.

Kiɗa ya tashi. Gwaggo ta fara gyaɗa kai ba ta sani ba. Sai muryar ta shigo: "Gwaggo Geyam ta Kamkumung, mai buai mai daɗi!"

Fuskarta ta washe. Ta juya ta dubi fasinjoji don su san da wa ake. Sannan murmushin ya tsaya cak, domin ta gane muryar.

"Direba, tsaya! Tsaya na ce! Mijin 'yata ne wannan!"

Motar ta yi tsit, in ban da Kasmir da ya ci gaba da kiran Kawu Nalau da sauran surukansa bi da bi. Wata tsohuwa a baya ta soma ƙirga aladu da yatsunta, ta ƙare hannu biyu ta nemi aron na maƙwabciyarta.

Kafin la'asar dangi sun cika gindin mangwaron gidan. Kasmir ya zo a guje cikin rigar gadi, domin shi ma a bakin kanti ya ji kansa yana aikata abin da bai aikata ba. Ya tsaya nesa, kai a sunkuye.

"Na rantse ban faɗa ba. Muryata ce, amma ban faɗa ba. Ko dai an yi mini asiri ne."

"To fatalwarka ce ta faɗa?" in ji Naomi. "Kullum ina ce maka ka bar shiga ramin nan."

Yawing ya ga in ya yi shiru, auren mutum zai mutu a kansa. Ya ɗauko kwamfutar ya ɗora a kan turmi, ya nuna musu. Ya kunna ge shi kaɗai. Ya kunna yam shi kaɗai. Ya matsar da su suka haɗu, sunan ya fito, mata suka toshe kunnuwa. Ya raba su, suka koma shirme.

Kawu Nalau, wanda shi ne babba, ya sa aka maimaita sau huɗu. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Bakin suruki bai faɗa ba, wannan na gani. Bakin yaron nan ma bai faɗa ba. Abin nan ne ya faɗa." Ya nuna kwamfutar da sandarsa. "Ga shi kuma ba shi da alade."

"To sai ya yi aikin tara," in ji Gwaggo. Ta daɗe da shirya wannan, ana gani a idonta. "Matan cocinmu mu arba'in da biyu ne, muna da waƙoƙi goma sha shida, shekara nawa muna neman mai ɗauka. Abin nan zai ɗauke mu duka, kyauta. Tun da kuma babu wanda yake jin maganarsa sai wannan mara kunyar, ba inda za shi sai an gama."

"Gwaggo, ɗakin mutum uku yake ci."

"Sai mu riƙa shiga uku-uku."

Yawing ya yi ƙoƙarin lissafa makonnin da hakan zai ci, kansa ya ɗaure, ya bari. Abin da ya gane kawai shi ne jirgin Wasu zai tashi gobe ba da shi ba.

Aka umarce shi ya goge waƙar, ya goge a gaban kowa. Sai dai tana cikin wayoyin rabin Lae, kuma babu mai iya bin mura gida-gida ya karɓo ta. Har an fara tsayawa a teburin Gwaggo ana tambaya ko ita ce Geyam ta cikin waƙa, buhun da ke kwana uku ya koma kwana ɗaya.

Ran Litinin ya sake raka ta kasuwa. Motoci biyu suka zo da wurin zama, ta ce ba ta son kujerunsu. Ta uku ta Waim ce. Da kiɗan ya tashi ta ɗaga hannuwa za ta toshe kunne kamar yadda ya kamaci surukar kirki, amma Yawing ya lura hannuwan ba su isa kunnen ba sai da "mai buai mai daɗi" ta wuce.