Littafi Cikin Jarida

A ranar da za a rufe makaranta, malamar lissafi ta shiga ofishin malamai zuciyarta kashi biyu. Ɓangare guda murna take yi: sati uku ba jan biro, ba tsayuwa gaban allo har ƙafa ta kumbura. Sai dai jiya ɗanta ya bugo waya ya ce bana wajen surukansa za su yi hutu da yaran. Ta ce masa ba komai, har da dariya. Da ta ajiye wayar ta daɗe tana kallon katifu biyun da ta shanya saboda jikokin. Tun rasuwar maigidanta ba ta taɓa yin hutu ita kaɗai ba.

Mai kula da ɗakin karatu ne ya ƙirƙiro wasan. Kowa ya kawo littafi daga gida a naɗe cikin jarida, ya rubuta kalma uku a kai, ban da sunan littafin. Za a zari lamba a cikin hularsa, kuma wanda ya zo daga baya yana iya ƙwace na wanda ya riga shi.

“Sharaɗi ɗaya,” in ji shi, “kafin hutu ya ƙare, ka mayar wa mai littafi abinsa har gida, ka gaya masa abin da ka gani a ciki.”

Lamba biyu ta samu. Ta ɗauki wani mai kauri da aka rubuta wa “Uwa, tafiya, hawaye.” Daidai da ni, ta ce a ranta. Ba ta gama shafa shi ba, malamin wasanni, ƙato mai usur a wuya, ya tsaya a kanta.

“Anti, a yi haƙuri, miƙo.”

“Kai da usur, me za ka yi da hawaye?”

“Ni ma ina da uwa,” ya ce, ofis ya kaure da dariya.

Dole ta koma tebur. Wannan karon ta ɗauki wani siriri mai tabon mai, an rubuta “Buhu, ƙasa, ruwa.” Ta yage jaridar: yadda ake noman kayan lambu a buhu. Direban motar makaranta ya ɗaga hannu daga bakin ƙofa yana washe baki.

“Nawa ne, Malama. Ki fara da tumatir, ba ya ba mutum kunya.”

Nata littafin, labarin wani ɗan sanda mai bin sawun ɓarawon agogo, ya faɗa hannun sabuwar malamar kimiyya, wata shiru-shiru da ta zo daga nesa, wadda ba ta cika wata uku a makarantar ba.

Kwana biyu na farko sun yi mata nauyi. Ta yi barci har ta gaji, ta dafa abincin mutum biyar bisa sabo, ta rasa mai ci. A na uku ta buɗe littafin direba don dai ta kashe lokaci. Kafin rana ta take tana bayan gida da tsofaffin buhuna huɗu, tana huda su da wuƙa.

Sai ta ji sallama. Malamar kimiyya ce, littafi a hannu, fuska a murtuke.

“Anti, wannan ai mugunta ce. Shafi shida na ƙarshe babu! Wa ya saci agogon?”

Sai a lokacin ta tuna ƙaramin jikanta ya yage su bara ya yi jirgi. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

“Ke ba ki tafi gida ba?”

“Hanyar ta yi nisa. Ni kaɗai ce a ɗaki.”

“To cire takalmin nan ki riƙe mini bakin buhu. Kowane buhu ya cika, in ba ki labarin shafi ɗaya.”

“Buhu huɗu ne, Anti, shafi kuma shida.”

“Sauran biyun sai gobe.”

Da yamma ɗanta ya bugo, jikokin suna ta ihu a bayansa. Ba ta kuwa ɓoye ba, ta ce masa tana kewarsu. Sannan ta ce ya yi sauri, tana da baƙuwa, ga abinci yana hucewa.